Danƙon liƙe tsagar kwalta a ƙasar sanyi: me ya sa ya ci gwaji a ɗaki, ya faɗi a kan titi?

Wani ƙanena injiniya, wanda bai daɗe da kama aiki a sashen kula da tituna na wani ƙaramin gari a lardin Manitoba na Kanada ba, ya turo mini tambaya. Ya ce a watan Satumba sun liƙe tsagogin wani titi da danƙon da takardarsa ta nuna ya cika sharuɗɗan ASTM D6690, wato ƙa'idar ingancin irin wannan danƙo, amma kafin Fabrairu ya ƙare kusan rabin aikin ya saki. Yana so ya san yadda ake gwada irin wannan danƙo don ƙasar sanyi, kuma ko takardar gwajin abin dogaro ce.

Ƙanena, sannu da aiki, sannu da sanyi. Abin da ya same ku ya sami mutane da yawa kafin ku, ni ma na gan shi da idona a shekarun da na yi ina wannan aiki. Takardar ba ƙarya ta yi muku ba. Abin da ta gwada daban, abin da titinku ya nema daban. Ita sabon danƙo ta gwada, wanda aka narka a tsanake aka zuba tsakanin tubalan kankare biyu masu tsabta. Titinku kuwa danƙon da ya sha wuta a tukunya ya samu, a cikin tsagar da wataƙila ba ta rasa ƙura da laima ba, sannan sanyin da ya zarce wanda aka gwada shi a kai ya zo ya ja shi. Gwajin da ya fi kowane nauyi a wannan sana'a shi ne wanda watan Fabrairu yake yi, kuma sai mutum ya fita ya duƙa a kan titi zai karanta sakamakonsa.

Bari mu fara da ita kanta tsagar, domin wanda bai san halinta ba ba zai gane dalilin gwajin ba. Tsagar da ta ratsa titi daga wannan gefe zuwa wancan numfashi take yi. Da zafi ta rufe baki, da sanyi ta buɗe. Kwalta tana takurewa da kimanin kashi 2 zuwa 3 cikin 100,000 na tsawonta a kan kowane digiri ɗaya da sanyi ya ƙaru. Ka ɗauka tsakanin tsaga da tsaga mita 15 ne, kun liƙe a ranar da titi yake digiri 15, sannan a Janairu ya sauka zuwa 30 ƙasa da sifili. Bambancin digiri 45 ke nan. Idan ka buga lissafin da kashi 2 ɗin nan, za ka samu milimita 13 da rabi. Ƙasan da kwaltar take kwance a kai yana riƙe ta, saboda haka ba duka za ta ja ba. Amma ko da milimita 6 kawai ta buɗe, tsagar da faɗinta milimita 6 ne a ranar aiki ta ninka kanta, wato danƙon da ke ciki sai ya miƙe ɗari bisa ɗari. A ƙa'idar aikin, duk tsagar da ke motsawa kimanin milimita 3 ko fiye a shekara ana ɗaukarta mai motsi ce, kuma ba a cika ta da kwalta zalla, sai danƙo mai roba.

To, ba a nan gizo ke saƙar ba. A daidai lokacin da ake bukatar danƙon ya miƙe, a lokacin ne sanyi yake sandarar da shi. Ka saka cingam a firiza ka fito da shi ka ja, za ka ga abin da nake nufi: karyewa zai yi. Danƙon nan haɗi ne na kwalta, da folima, wato sinadari mai halin roba, irin wanda ake kira SBS, da garin tsohuwar taya, da mai, da garin dutse. Kowane haɗi yana da wani mataki na sanyi da idan ya kai, halinsa ya tashi daga na roba ya koma na gilashi. Duk hikimar masu haɗa shi ita ce su tura wannan mataki ƙasa sosai, ba tare da danƙon ya yi laushin da taya za ta kwashe shi a watan Yuli ba.

Dalilin shan wannan wahala kuwa ruwa ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa idan ya daskare yana kumbura da kimanin kashi 9 cikin 100. Gishirin da kuke watsawa yana narkar da dusar ƙanƙara a tsakiyar hunturu, ruwan ya bi tsagar ya sauka, ya daskare a ƙasa, ya ɗaga leɓɓan tsagar, har ka ji mota tana tuntuɓe a kan kowace ɗaya. Idan ƙanƙara ta fara narkewa a Afrilu, ƙasan titin ya jiƙe ya yi laushi, manyan motoci su bi ta kai, leɓɓan su rufta, rami ya buɗe.

Yanzu ga abin da ke cikin takardarku. ASTM D6690 ya kasa danƙon da ake zubawa da zafi gida huɗu. Nau'i na I na wuraren da sanyinsu bai tsananta ba ne, ana gwada shi a digiri 18 ƙasa da sifili, a ja shi kashi 50 cikin 100. Na II da na III ana gwada su a 29 ƙasa da sifili, su ma kashi 50, sai dai na III ana ƙara masa gwajin jiƙawa a ruwa. Na IV shi ne na wurare masu tsananin sanyi: a 29 ƙasa da sifili ɗin dai, amma ja na kashi 200 cikin 100. Ba ka faɗa mini wane nau'i kuka saya ba, kuma wannan ne abu na farko da za ka duba. Cewa kawai danƙo ya cika D6690 bai faɗi komai ba sai an faɗi nau'in. Idan na II ne kuka zuba a Manitoba, rabin amsar tambayarka ke nan.

Yadda ake gwaje-gwajen yana cikin ASTM D5329. Akwai na tauri, inda ake sakin wani ƙarfe mai tsini, mai nauyin giram 150, ya nutse cikin danƙon na daƙiƙa 5 a digiri 25, a auna zurfin. Akwai na zafi, a ga ko zai zube a digiri 60. Akwai na dawowa, a danna shi a sake, a ga nawa ya dawo. Duk waɗannan a ɗumi ake yin su. Guda ɗaya ne ya shafi sanyi kai tsaye, shi ne gwajin mannewa, kuma yana da kyau ka taɓa tsayawa ka ga yadda ake yin sa. Ana jera ƙananan tubalan kankare biyu da rata a tsakani, a zuba narkakken danƙo, a bar shi ya huce, a yanke abin da ya tumbatsa da wuƙa mai zafi. Sai a saka cikin na'urar sanyi na wasu awoyi, sannan inji ya riƙa raba tubalan a hankali, kimanin milimita 3 a awa ɗaya, yadda ido ba zai ga motsin ba. Idan an kai iyakar da ake so, a fito da shi, a bar shi a ɗumin ɗaki ya koma yadda yake, a sake. Nau'i na II da na IV sau uku ake yi musu haka. Mai gwaji ya ɗauki samfurin ya juya shi a hannu yana neman inda ya rabu da tubali ko ya yage. Idan rabuwar ta zarce zurfin milimita 6, ya faɗi.

Gwaji ne mai amfani, ba na raina shi. Yana tace kayan banza, yana kuma nuna ko kayan da aka kawo bana daidai suke da na bara. Amma ka lura da abin da ya bari a waje. Tubalin kankare ne, ku kuwa a kwalta kuke zubawa, kuma irin tsakuwar da ke cikin kwaltar tana canza ƙarfin mannewa. Sanyin ya tsaya a 29, alhali Winnipeg tana wuce haka a hunturu, kuma a garin Tower na jihar Minesota, maƙwabciyarku ta kudu, an taɓa auna 51 ƙasa da sifili a Fabrairun 1996. Danƙon sabo ne, bai sha rana ba, bai sha gishiri ba. Sakamakon kuma ci ko faɗi ne kawai, bai gaya maka wanda ya ci da kyar da wanda ya ci da rata ba. Akwai ma inda ƙa'idar take iya jan mutum ga kuskure. Nau'i na II ana so ya dawo da aƙalla kashi 60 cikin 100 idan an danna shi. A ido wannan alheri ne, don yana hana tsakuwa nutsewa a ciki. Amma danƙon da ke da zafin komawa yadda yake, idan aka ja shi a sanyi ba ya sassautawa, yana ta jan bangon tsagar dare da rana har mannewar ta gaji ta saki. A ƙasar sanyi an fi bukatar mai sakin jiki, wanda idan an ja shi aka riƙe, ƙarfin jan zai riƙa raguwa da kansa. Shi ya sa ma'aikatar sufuri ta Minesota ta rubuta nata sharuɗɗan na danƙo mai laushi sosai don tsagogin da ke ratsa titi.

Wannan giɓi tsakanin ɗaki da titi an daɗe da gano shi. A 1987 Amurka ta ƙaddamar da babban shirin binciken hanyoyi da ake kira SHRP, kuma a ƙarƙashinsa, a 1991, aka kafa filayen gwajin liƙe tsaga a kan tituna na gaske: Abilene a Tekzas, Wichita a Kansas, Des Moines a Ayowa, Elma a jihar Washinton, da Prescott a Ontariyo. An bi su shekara da shekaru ana auna abin da ya saki. Babban darasin shi ne siffar zubi da ingancin aiki suna da nauyi kamar shi kansa danƙon. Wanda ya fi daɗewa shi ne danƙo mai roba da aka zuba a kwarmin da aka yanka a kan tsagar da inji, aka kuma yi masa ɗan mayafi a sama. A Montiriyal kuma, Jean-François Masson na Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Kanada da abokan aikinsa sun zuba danƙo iri 12 a titunan birnin, suka bi su shekara huɗu. Sun tarar cewa sakamakon gwajin ɗaki bai iya faɗin wanda zai daɗe a titi ba.

Daga irin waɗannan bincike ne aka tashi neman sabuwar hanya. Masson ya haɗa hannu da Farfesa Imad Al-Qadi na Jami'ar Ilinoi da ke Urbana-Champaign, da tallafin ma'aikatun sufuri na jihohi da larduna da dama, suka tsara yadda za a ba danƙo daraja gwargwadon yanayin wuri, kamar yadda ake yi wa ruwan kwalta a tsarin PG da ka sani, mai ba shi daraja bisa zafi da sanyin da zai jure. Darajar danƙo ana kiranta SG. Idan ka ga an rubuta SG 52-34, ana nufin danƙon zai jure titi mai zafin digiri 52 da sanyin 34 ƙasa da sifili. Matakan suna tafiya shida-shida. AASHTO, ƙungiyar hukumomin hanyoyi da sufuri na jihohin Amurka, ta karɓi tsarin da lambar MP 25.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne kafin a gwada komai a sanyi sai an tsofar da danƙon. Ana shimfiɗa shi siriri a faranti, a saka a tandar da aka zuƙe wa iska, awa 16 a digiri 115, don ya yi kama da wanda ya sha yanayi a titi. Sannan a zuba shi ya zama ɗan sanda, a nutsa a ruwan sanyi na na'urar BBR, mai auna taurin abu a sanyi, a ɗora masa nauyi a tsakiya, a riƙa auna yadda yake lanƙwasawa. Sandar da ake yi wa ruwan kwalta kaurinta milimita 6.35 ne, amma danƙo ya fi laushi, yana lanƙwashewa ya wuce abin da na'urar za ta iya aunawa, sai aka ninka kaurin ya koma 12.7. A daƙiƙa ta 240 ana so taurinsa kada ya wuce megafaskal 25 (megafaskal ma'aunin tauri ne a nan), saurin sakin jikinsa kuma kada ya gaza 0.31. Wannan lamba ta biyu ita ce ke auna sassautawar da na ambata ɗazu, wadda tsohuwar ƙa'ida ba ta duba ta ba. Bayan haka akwai gwajin ja kai tsaye don a ga iyakar miƙewarsa, da gwajin ƙarfin da ake bukata kafin a raba shi da abin da ya manne wa. Ana maimaita su ana ƙara sanyi mataki-mataki har a gano inda danƙon ya gaza. Ka ga maimakon ci ko faɗi, an samu lamba: wannan zai kai ka 28 ƙasa da sifili, wancan zai kai ka 40. An kuma kafa filayen gwaji a wurare irin su Minesota, Ontariyo, New Hampshire da Niyok don a gwama lambobin da abin da titi ya nuna. Tsarin bai karaɗe ko'ina ba tukuna, yawancin masu saye har yanzu da D6690 suke rubuta kwangila, amma babu abin da zai hana ka tambayi mai sayar muku ko yana da sakamakon waɗannan gwaje-gwaje.

Duk da haka ba zan ce ka jira wani ɗakin gwaji ba. Gani ya kori ji. Titinku da ya saki shi ne ɗakin gwajin da ya fi kowane kusa da kai, kuma yanzu ne lokacin karanta shi, tun sanyi bai tafi ba. Idan ka bari sai Yuni, tsagogin sun rufe baki, danƙon ya yi laushi ya koma ya jingina da bango, ka duba ka ga kamar lafiya lau, alhali ruwa yana wucewa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ka fita da sassafe a ranar da sanyi ya fi tsanani, da sukundireba mai faɗin baki, da tef, da littafi.

Ka duƙa, ka sa bakin sukundireban a gefen danƙon, ka tura a hankali. Idan ya rabu da bango, ka kama da yatsu ka ja. Na tuna wata safiya da na yi haka a wani titi, danƙon ya biyo hannuna kamar igiya, tsawon kusan mita biyu, bai tsinke ba. Da na juya cikinsa sai na ga fari fat da ƙura, kamar an barbaɗa masa gari. Danƙon nan lafiyarsa ƙalau, har a wannan sanyi yana lanƙwasa a hannuna. Ƙura ya manne wa tun ranar farko, bai taɓa kama kwaltar ba. Wannan laifin shara ne, ko ka sayo danƙon da ya fi kowane tsada haka zai yi. Idan kuwa cikinsa sumul yake, baƙi mai sheƙi, da ƙananan ramuka kamar na kumfa, to laima ce: ya sauka a kan bango mai danshi, ruwan ya zama tururi ya shiga tsakani. Idan ya fito da tsakuwa da ɓarɓashin kwalta manne a jikinsa, mannewa ta yi kyau, titin ne ya gaza. Ko dai kwaltar ta tsufa ta yi rauni, ko injin yankan kwarmi ya farfasa bangon, ko an ƙona shi da bututun iska mai zafi, ko danƙon ya yi taurin da ya fi ƙarfin kwaltar. Idan kuma gefe da gefe yana nan daram amma ya tsage a tsakiya, ka lanƙwasa ɗan yanki a hannu. In ya karye ƙas, sanyin ya fi ƙarfinsa: ko nau'in bai dace ba, ko an kashe shi a tukunya. Akwai na ƙarshe, inda za ka ga mayafin sama ya yayyage a wuri ɗaya ko an tumɓuke danƙon gaba ɗaya. Wannan aikin bakin garmar motar ture dusar ƙanƙara ne, kuma yana nuna an bar mayafin ya yi tudu.

Ka auna tsawon kowane irin lalacewa daban, ka raba da jimillar tsawon da aka liƙe. Da wannan lissafi kaɗai za ka san ko da mai sayarwa za ka yi magana ko da masu aiki.

Maganar tukunya tana bukatar a tsaya a kanta, domin a nan ne danƙo mai kyau yake mutuwa ba wanda ya sani. Yawancin irin wannan danƙo ana zuba shi a wajen digiri 190, kuma iyakar zafin da aka yarda ya kai bai fi 200 da 'yan kai ba. Ratar ƙarama ce. Shi ya sa ake amfani da tukunya mai riga biyu da mai a tsakani, da abin motsawa a ciki, don kada wuta ta taɓa shi kai tsaye. Idan zafi ya wuce, ko ya daɗe a kan wuta, folimar tana tsintsinkewa ko ta dunƙule, man da ke ba shi laushi ya ƙone. In zafin bai kai ba kuma, ya yi kauri, ba zai shiga ƙofofin bangon ya kama ba. Binciken Masson ya nuna cewa wani babban kaso na tsufan danƙo a tukunya yake faruwa, tun bai taɓa titi ba. Na taɓa zuwa wurin wani aiki da hantsi na tarar ma'aunin zafin tukunyar ya mutu, allurarsa a kwance, mai kula da ita da launin hayaƙi yake gane ya yi. Ragowar jiya ma ba a zubar ba, a kanta aka ɗora sabo. Na sa nawa ma'aunin a bakin tiyo, na ga ya wuce iyakar da ke rubuce a jikin kwalin da nisa. Abin ya dame ni ƙwarai, don mutanen nan tun asuba suke aiki da zuciya ɗaya, kuma duk abin da suka zuba a ranar ya riga ya lalace. Tun daga lokacin, samfurin da nake aikawa ɗakin gwaji daga bakin tiyo nake ɗiba, da safe, da azahar, da la'asar, sannan in haɗa da na kwali don a gwama.

Siffar kwarmi ita ma gwaji ce da lissafi yake warwarewa. Buɗewar milimita 6 ɗin nan da ta ja danƙo ɗari bisa ɗari a tsagar da ba a yanka ba, a kwarmi mai faɗin milimita 19 kashi 32 ce kawai, a mai faɗin 40 kuwa kashi 15. Wannan ne ya sa a Ontariyo aka saba da kwarmi mai faɗin milimita 40 da zurfin 10, mai faɗi marar zurfi, yayin da wurare da yawa a Amurka suke yanka 19 da 19. Amma faɗi yana da nasa kuɗin: taya tana taka danƙon sosai, garma tana samun abin kamawa, kuma a tsohuwar kwalta mai tsagogi barkatai yanka yana iya ƙara ɓarna. A irin wannan titi na fi son a share da iska sosai a zuba ba yanka, a san cewa shekarunsa ba za su yi yawa ba.

Game da bututun iska mai zafi, ra'ayina shi ne a yi amfani da shi don busar da 'yar laima, a wuce da sauri. Idan bangon ya yi baƙi ƙirin yana hayaƙi, an ƙona shi. Kuma ba ya mayar da jiƙaƙƙiyar tsaga busasshiya, ruwan da ke ƙasa yana sake hawowa cikin mintuna. Ranar da aka kwana ana ruwa, a haƙura da aikin.

Za ka iya kafa naka filin gwajin da kuɗi kaɗan, kuma ina ba ka shawara ka kai wa shugabanka wannan magana. Ka zaɓi titi ɗaya mai shekaru ɗaya da zirga-zirga iri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Ka kasa shi, kowane kashi da tsagogi aƙalla goma zuwa ashirin. Danƙo uku ko huɗu sun isa, a ciki har da nau'i na IV guda biyu daga kamfanoni daban, domin biyu masu takarda iri ɗaya suna iya bambanta sosai a titi. Ka bar kashi ɗaya ba liƙi, shi ne zai nuna ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Ma'aikata ɗaya su yi duka, a wanke tukunya tsakanin danƙo da danƙo, a yi a kaka ko bayan narkewar ƙanƙara, lokacin da tsaga take rabin buɗewa kuma titi ya haura digiri 4. A wasu tsagogin ka kafa ƙusa biyu, ɗaya a kowane gefe, ka nutsar da kawunansu don kada garma ta cire, ka auna ratarsu a ranar aiki, ka sake aunawa a Janairu da Fabrairu da Yuli. Nan ne za ka san ainihin yadda titunan garinku suke numfashi, lambar da babu wani littafi da zai ba ka. Kada ka yanke hukunci da hunturu ɗaya. Na farko yana fallasa mugun aiki da nau'in da bai dace ba, amma bambancin danƙo mai kyau da wanda ya fi shi sai a na biyu da na uku yake fitowa, bayan rana ta gasa shi, ya ƙara tauri.

Wata rana idan Allah ya mayar da kai gida, kada ka ɗauki danƙon Manitoba ka kai Sakkwato ko Maiduguri ko Agadas. Can lambar farko ta SG ce take da nauyi. A watan Afrilu iska tana haura digiri 40, fuskar kwalta ta fi haka da nisa, danƙo mai laushi irin na IV taya za ta kwashe shi ta shafe titi da shi. Abin da zai bi ka gida shi ne ruwa, don abin da narkewar ƙanƙara take yi wa ƙasan titi a nan, shi ruwan Agusta yake yi a can, da kuma ɗabi'ar duƙawa a duba.

A wannan makon dai ka nemo kwalin danƙon ko takardar sayensa ka ga nau'in da lambar rukunin da aka kawo. Ka tambayi masu tukunya ko an rubuta zafinta a ranakun aikin, da ko an ɗora sabo a kan ragowa, kuma ka yi tambayar da ladabi, don su ne za su faɗa maka gaskiyar da ba ta cikin fayil. Ka yanko samfuri daga wurare biyar da suka saki da biyar da suka riƙe, ka sa kowane a leda da lambarsa, ka ɗauki hoton cikin kowane ɗaya kafin ya ɗumama a mota. Ka turo mini hotunan mu duba tare.